Hannuwan da Inna Ta Tara da Dambu

Shekara uku ke nan da rasuwar kakata, Inna, kuma na cika ta ukun da abin kunya. Wata Alhamis cikin hutun lakwal, wato makaranta, na ɗauki kula cike da dambu tun daga Lyon, na shiga jirgin ƙasa, na sauka Paris, na bi metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har Montreuil, na hau bene da ita a kafaɗa kamar mai ɗauke da ɗan maraƙi. Na isa ɗakin da tsofaffin garinmu suke zaman hira a gidan ma'aikata, na buɗe murfi, ƙamshi ya tashi har ina jin sai da aka shaƙe shi a Beljik. Na gyara murya na ce, "Iyayena, bismilla, ku sa hannu." Ba wanda ya motsa. Wani tsoho ya dube ni da tausayi ya ce, "Yaro, yau fa Alhamis." Duk ɗakin azumi suke yi. Haka na zauna ina gadin dambu kamar soja, kuma kafin a sha ruwa sakataren ƙungiyarmu, wanda a gabansa nake so su sa hannu a wata takarda, ya ɗauki jakarsa ya tafi aiki. Inna ba za ta taɓa yin wannan wautar ba. Ta san ranar azumin kowa, ta san mai ciwon suga, ta san wanda haƙoransa suka ƙare.

Sunana Isufu, shekarata sha bakwai. A Vénissieux, gefen Lyon, aka haife ni, can saman wani dogon bene a unguwar Minguettes inda asansar, na'urar hawa bene, ke aiki ranar da ta ga dama. Sunan kakana aka sa mini, mijin Inna, don haka tunda na zo duniya ba ta taɓa kiran sunana ba. In na yi abin kirki, wanda ba kasafai ba, Maigida take ce mini. Sauran ranaku kuwa Maigidan Ƙarya. Mahaifiyar babana ce. Daga Damagaram ta zo taya mamata jego lokacin haihuwata, da niyyar ta koma in an yi arba'in. Arba'in ɗin nan sai da ta ɗauki shekara sha huɗu. Faransancinta bai wuce kalma uku ba: bonjur, mersi, da tiro sher, wato ya yi tsada. Amma da waɗannan ukun ta durƙusar da kasuwar Minguettes, har akwai mai kayan miya da in ya hango ta yake rage kuɗi tun kafin ta iso, don ya huta.

Ga wanda bai san mu ba, mutanen garinmu da ke Faransa suna da ƙungiya. Tsofaffin Montreuil suka kafa ta tun suna samari, lokacin da kowa ke cewa baɗi zai koma gida. Tana da reshe biyu, Paris da Lyon. Tana da buro, wato shugabanninta, tana kuma da tsarin mulki da aka rubuta da Faransanci mai nauyin dutse. Babban aikinta mutuwa. In ɗan ƙungiya ya rasu, ita ke wanka, ita ke bin takardu, ita ke ɗaukar ɗawainiya. Sashe guda cikin tsarin ya ce gawar ɗan ƙungiya gida ake mayar da ita. Ba a hana kowa binne nasa a nan ba, amma wanda ya yi haka shi kaɗai zai tsaya, da aljihunsa da surutun mutane, kuma ban san mutum ɗaya cikinmu da ya taɓa gwadawa ba.

Layi ɗaya tak Inna take so a ƙara: wanda ya ce a binne shi a nan, ƙungiya ta binne shi a nan.

Wata maƙwabciyarmu ce ta jawo, tsohuwa 'yar Aljeriya. Ranar wata ƙaramar salla ta ja Inna cikin bas zuwa maƙabarta, ɓangaren Musulmi, inda mijinta yake. Inna ta ga yara da butocin ban ruwa suna tsaye kan kabarin kakanninsu, suna addu'a suna ture juna. Ta dawo gida shiru, abin da ya sa muka ɗauka ba ta da lafiya. Sai da aka kwana biyu ta kira ni tana tsince zogale.

"Maigidan Ƙarya, in an kai ni Damagaram, wa zai riƙa zuwa yana ba ni labarin yadda ya doke ƙatti goma a lakwal?"

Na ce, "Sha biyu ne, Inna."

Ta ce, "Ka ji ko. Irin wannan nake gudun in rasa."

Na yi dariya, na ɗauka wasanmu ne na kullum. Ashe ta riga ta tambayi babana yadda ake canza tsarin ƙungiya. A lokacin hanyar mai sauƙi ce. In kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙungiya suka sa hannu a takarda, dole buro ta kira babban taro a jefa ƙuri'a. Ba a ce ga inda za a sa hannun ba, ba a ce ga wanda zai riƙe takardar ba, ba a yanka lokaci ba. Waɗanda suka rubuta dokar ba su taɓa zaton wani zai yi amfani da ita ba, balle tsohuwar da ba ta yi lakwal ba.

Inna ba ta yi wa kowa dogon bayani ba. Dambu ta yi. Duk Lahadi sai ta gayyaci gida biyu ko uku, ta ajiye tire, ta ce, "Ku sa hannu." Su sa. A ci, a side, a sha ruwa, a fara kishingiɗa. Sai ta ɗaga gefen shimfiɗa ta zaro takarda ta ce, "To, kun sa hannu a nawa, saura wannan." Ban taɓa ganin wanda ya iya cewa a'a da zogalenta a haƙorinsa ba. Amma kada a ce yaudara ce, domin sai na karanta wa kowa layin da Faransanci da Hausa kafin ta miƙa biro, kuma da yawa tun kafin in kai ƙarshe suke sunkuyar da kai. Su ma da 'ya'yansu a nan. Su ma sun yi wannan tunanin a kan gado, sun rasa wanda za su gaya wa. Wasu da boko suka sa hannu, wasu da ajami, tsofaffin mata suka dangwala yatsa. Takardar ta sha mai har in ka ɗaga ta a rana kana hango tudun Fourvière na Lyon ta cikinta.

Da ta gama da Lyon ta ce sai Paris. Ni ne tafintanta. Muka shiga jirgi da kula biyu, ta tambayi kuɗin tikiti aka gaya mata, ta ce wa mai duba tikiti tiro sher, shi kuma bawan Allah ya ba ta haƙuri kamar shi ya yanka farashin. A Montreuil tsofaffin da suka rubuta sashen da kansu suka ci, wasunsu suka sa hannu. Ɗaya ya ce mata shi dai gida za a kai shi, amma ba zai hana wani nasa zaɓin ba. Kafin mu bar unguwar ta haura kashi ɗaya cikin huɗu, har da rara.

Daga nan ta yi abin da ya kashe maganar, kuma ladabi ne ya sa ta. Shugaban ƙungiya a lokacin ɗanta ne na fari, yayan babana, wanda muke kira Baba Alhaji. Yana da kantin aika kaya gida a wajen Porte de la Chapelle. Inna ta ce bai kamata ya ji a bakin mutane ba, sai ta nuna masa kafin ta miƙa wa buro. Da yake ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Muka same shi tsakanin kwalaye da tsofaffin firij, ya durƙusa ya gaishe ta, ta kalli bango ta amsa. Sannan ta juyo gare ni.

"Gaya wa na Paris na kawo takarda."

Na ce, "Baba Alhaji, Inna ta ce ta kawo takarda, kuma in ba ka karɓa ba za ta shimfiɗa tabarma a ƙofar kantinka har damina."

"Ban ce ba," in ji Inna. "Amma bar shi haka."

Baba Alhaji bai yi dariya ba. Ya karanta, ya daɗe yana kallon dangwalen yatsun nan. Sannan ya ce, "Inna, kabarin ƙasar nan haya ne. Shekaru ake yanka wa mutum. In sun cika ba a sabunta ba, sai a kwashe ƙasusuwa a ba wani wurin. Yau muna nan. Bayanmu wa zai sabunta? Wannan?" Ya nuna ni da haɓa. "Wanda ke mantuwa da jakar lakwal cikin jirgin taram? Ga Malam, mahaifinmu, can kwance a gida. Wurinki yana kusa da shi."

"Gaya masa na zauna da Malam iya zama," in ji Inna. "Ya huta, ni ma in huta. Ga sabon maigida na yi. In kuma yaron ya manta, ya manta. Ai can ma iska da ruwan damina ke shafe kabari, ba mai tambayarsu takarda."

Ranar ce karo na farko a rayuwata da aka ba ni saƙo na isar da shi yadda yake, ban ƙara ko gishiri ba.  Har yau in na tuna tambayarsa ban san amsarta ba. Ina so in rantse cewa da na sabunta, ko da zan sayar da takalmana. Amma ni ne na kai wa masu azumi abinci, kuma Baba Alhaji ba mugu ba ne. Tsoro yake ji. Yana ganin in aka fara binne mu a nan, igiyar da ta ɗaure mu da gida ta tsinke ke nan, jikokinmu za su tashi ba su da dalilin sanin inda Damagaram take.

Ba mu gama kwashe gajiyar tafiya ba buro ta zauna. Ba su taɓa tsarin mulki ba, domin taɓa shi sai da babban taro. Sai suka ce yadda ake tara sa hannu ba ya cikin tsarin mulki, yana cikin dokar cikin gida, ita kuwa buro kaɗai ke iya gyara ta a bisa tebur guda da kofin shayi. Kashi ɗaya cikin huɗu ya koma rabi. Kuma ba rabin duka a dunƙule ba: rabin Paris daban, rabin Lyon daban, in ɗaya ya gaza duka sun faɗi. An hana yawo da takarda gida gida. Kowa sai ya zo da ƙafarsa gaban sakataren garin da yake zaune, da katinsa a hannu. Aka kuma ce duk wannan cikin wata ɗaya. Hujjarsu ita ce takardar Inna ta sha mai, alamar an sayi hannuwan mutane da abinci.

Malam Sanusi, sakataren Lyon, shi aka aiko ya gaya mata. Duk cikin masu zuwa gidanmu ba wanda ya kai shi loma, in ya sa hannu a tire sai ka ga rami kamar an fara haƙar metiro. Ranar ya zauna bakin kujera yana murza hularsa, ya kasa ɗaga ido. Da ya gama, Inna ta ce, "Rabin su wa?" Ya ce rabin duk wanda sunansa ke cikin ƙungiya. Ta ce, "Har waɗanda suka koma gida suna kiwon tumaki?" Ya ce har su, tunda ba su fita ba. Ta ce, "Waɗanda suka rasu fa?" Ya ce ba a cire sunan mamaci sai iyalinsa sun zo sun nema, kuma ba kasafai suke zuwa ba. Inna ta juyo gare ni. Ta ce, "Maigida, zubo wa Malam abinci. Ya sha hanya." Ya ci yana share hanci, ya ce barkono ne.

Ta sake gwadawa. Ban san me ya sa ba, domin ko ni da ke cin sifiri a lissafi na ga ba ta fita. Mutanenmu na Lyon yawancinsu a ɗakunan ajiyar kaya da masana'antu suke aiki, wannan ya shiga da asuba, wancan ya fito da yamma. Malam Sanusi shi ma haka. Kafin ka haɗa mutum da sakatare a ɗaki ɗaya suna farke su duka, sai ka yi tsufa. Inna ta riƙa tsayawa a tashar taram cikin sanyi da babban kwat ɗin babana a kan zanenta, tana tare mutane tana raka su har ƙofar sakatare kamar mai kai yara allura. Wasu da suka sa hannu da farko suka fara kauce mata. Sa hannu a falonmu daban, sa hannu gaban buro, a ce ka ja da Alhaji, daban. Tari ya kama ta. Watan ya cika tana kwance a asibiti.

Na je duba ta da labarin cewa duk Lyon ta yi layi a ƙofar Malam Sanusi har 'yan sanda sun rufe hanya. Ta saurara har ƙarshe, idonta a rufe. Ta ce, "Yau ƙaryar ba ta yi daɗi ba, Maigida. Ba ka sa mata mai ba." Sannan ta kira babana ta ce ya san abin da take so. Babana ya ce, "In sha Allah, Inna." Na san irin wannan in sha Allah ɗin, shi yake ce mini in na roƙi sabuwar waya. Ita ma ta sani. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Da ta rasu, babana ya buɗe baki sau ɗaya gaban yayansa. Baba Alhaji ya ce, "Tsari ne, ba ni ba ne. Kuma me za mu gaya wa mutanen gida?" Babana ya rufe bakin. Ban taɓa ganin babba ya ƙanƙance haka ba. Aka sa ta cikin akwati mai ƙarfe a ciki, aka liƙe. Baba Alhaji ya san takardun filin jirgi kamar Fatiha, tunda aika kaya ne aikinsa, nan da nan ya kammala komai. Ta ƙofar kaya aka shigar da ita. Matar da ta yi rayuwarta tana cewa tiro sher, aka ɗora ta a sikeli, ba ta ce komai ba. Su biyu suka raka ta. Ni aka ce in zauna saboda lakwal. Abin da na samu shi ne ɗan bidiyo a wayar mamata: tudun yashi, fasassun tukwane, ƙafafun mutane, da muryar wani yana cewa a matsa.

Yanzu in Inna ta leƙo, me za ta ce? Ina jin da farko za ta ce na yi tsawon banza. Sannan za ta tambayi farashin tumatir ta sake komawa. In ta daure ta tsaya, zan gaya mata zuwa gida ya ƙara wuya, sai an zagaya ta wata ƙasa, kuma gawa ma tana jira kamar kowa. Zan gaya mata a lakwal malaminmu ya ce ko a dokar Faransa akwai hanyar da jama'a za su tara sa hannu a tambaye su ra'ayinsu kan wata doka, amma an kafa adadin can sama, har yau ba a taɓa kaiwa ga ƙuri'a ta wannan hanyar ba. 'Yan ajinmu suna hamma, ni kuwa na fashe da dariya har aka kore ni waje. Da ina zaton wayon buronmu ne su kaɗai. Ashe ko'ina haka ake yi. Ba a ce maka a'a. Ƙofar tana nan, an ma rubuta sunanta a sama, sai dai an ɗaga ta daga ƙasa yadda ƙafarka ba za ta kai ba.

Abin da ba zan iya gaya mata ba shi ne sunanta yana nan cikin ƙungiya. Babana ya shirya zuwa a cire ya fi a ƙirga, yakan sa takalmi ma, sai ya tuna wani aiki. Don haka duk lokacin da aka lissafa rabin Lyon, da Inna ake lissafawa, a layin waɗanda ba su zo sun sa hannu ba. Matar da ta fara maganar ta zama cikin masu hana ta wucewa. Na roƙi babana, na yi masa dariya, na yi fushi. Ya ce, "Je ka kai ka ce a goge uwata." Ban je ba. Ko da na je ma ba za a saurare ni ba, shekaruna ba su kai ba.

Bana Hajiya Kulu, aminiyar Inna da ke benen da ke kallon namu, ta sake ɗaga maganar. Ƙafafunta ba sa kai ta tashar taram, sai ta mayar da ni ƙafafunta. Ba ni da ikon sa hannu, ba ni da ikon riƙe takarda. Abin da aka bar mini shi ne in roƙi mutane su je da kansu. Na buga ƙofofi har wani kare ya haddace muryata. Na kira lambobi, na tura saƙon murya, na yi wa mutane alkawarin Aljanna ba da izinin kowa ba. Tafiyata Montreuil cikin wannan aikin ne. Kowa yakan ce, "Allah ya ji ƙan Inna, in sha Allah zan leƙa." Na fara gane cewa abin da ya tara mata hannuwa ba dambu ba ne kaɗai. Mamata ce ta dafa wanda na ɗauka, kuma ya yi daɗi. Abin da babu a cikin kular shi ne tsohuwar da za ta zauna gabanka tana kallonka har ka ji kunyar kanka.

In na auna abin da ya rage na Inna, ba shi da yawa, kuma ba irin wanda ake nunawa ba ne. Akwai madambacinta, da mamata ke cewa ba ya jin maganarta. Akwai mai kayan miyan nan da har yau yake ƙara mini albasa ɗaya bai ce komai ba. Akwai magana guda da a da ba a iya furtawa a tsakaninmu, yanzu kuwa mata suna yin ta a wurin suna, maza suna yin ta ƙasa ƙasa bayan Juma'a: ni fa a ina za a sa ni? Ba ta canza layi ko ɗaya a tsarin ba, amma ta sa tambayar a bakin kowa, kuma ba doka ta cikin gida da za ta mayar da ita. Ni kuma ta bar ni da tarin ƙarairayi da ban san inda zan kai su ba. Na gwada ba mamata, ta ce in tafi in yi karatu. Wani lokaci in na dawo daga lakwal da labari mai kyau, irin mai ƙatti sha biyu, sai in tsaya a matakala in ba kaina, in kuma ce wa kaina ƙarya ne.

Ranar Lahadin da ta wuce muka yi mata sadakar shekara uku a gidanmu, kuma ita ce rana ta ƙarshe ta watan sa hannu. Malam Sanusi ya zo da takardar cikin jakarsa, ko za a samu wanda ya rage. Baba Alhaji ya zo daga Paris. Ya sauka daga shugabanci bara, ya rame, yana tafiya da sanda. Jikokinsa uku yanzu, duka a nan aka haife su, ba wanda ke jin Hausa sosai cikinsu. Bayan an shafa addu'a mutane sun fara neman takalmansu, sai ya ce, "Sanusi, kawo takardar nan."  Malam Sanusi ya ce, "Alhaji, ai kai na Paris ne." Ya ce, "Na sani. Ni na rubuta. Jirgina ba zai kai ni kafin a rufe ba. Kawo." Ya sa tabarau, ya karanta layin kamar bai taɓa ganinsa ba, ya sa hannu. Bai kalli kowa ba. Da zai fita ya tsaya kusa da ni yana laluben takalminsa da sanda, na durƙusa na juya masa shi. Ya ce, "Ka girma." Na nemi abin dariya da zan faɗa, ban samu ba.

Ranar Laraba buro ta zauna. Ta soke sa hannun Baba Alhaji, domin ɗan reshen Paris ne ya sa a gaban sakataren Lyon. Ko da an bar shi ma ba zai canza komai ba. Lyon ba ta kai rabi ba, Paris ko kusa ba ta yi ba. Ba za a kira taro ba. Sashen yana nan yadda yake, Inna kuma tana Damagaram, kuma har yau ban ga kabarinta ba.